Ƙurar Sana'a: Tarihin Ciwon Huhun da Ake Ɗauka Maleriya ko Tarin Fuka Ne

Duk wanda ya san titin Zariya a Kano ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, wanda aka kafa a shekarar 1988. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne irin sana'o'in da suka kewaye shi. Idan ka kutsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni za ka tarar da mai injin niƙa ya yi fari fat da gari har gashin ido, ga masu sayar da dusa da harawa, ga masu kiwon kaji a bayan gida, ga samari masu ɗakin tantabaru, ga masu fentin mota. Ka miƙa gaba kaɗan zuwa Na'ibawa kuma sai 'Yan Katako, inda injin tsaga da na goge katako ke tashi tun safe. Sana'o'in nan ba su yi kama da juna ba, amma abu ɗaya ya haɗa masu su: kullum suna shaƙar ƙurar da ta fito daga tsiro, ko dabba, ko sinadari, shekara da shekaru.

Akwai ciwon huhu da irin wannan ƙura ke haddasawa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Ya ɗauki likitocin duniya fiye da shekara 250 kafin su gane shi sosai, kuma duk lokacin da aka ci gaba a fahimtarsa, za ka ga wani ne ya tsaya ya tambayi majinyaci irin aikin da yake yi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Hanci da maƙogwaro matata ce. Ƙura mai kauri, irin wadda ido ke gani, yawanci a nan take maƙalewa, mutum ya yi atishawa ko kaki ya fitar da ita. Matsalar tana ga wadda ba ta kai maikiron 5 ba. Don ka gane ƙanƙantarta, kaurin silin gashin kai guda kusan maikiron 70 ne. Irin wannan tana wucewa har ƙarshen huhu, wurin wasu 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, inda iskar da muka shaƙa ke shiga jini.

A wajen yawancin mutane, jiki yana share ta shiru, babu abin da ke faruwa. Amma a wajen wasu, garkuwar jiki kan riƙe wannan ƙura a matsayin abokiyar gaba. Daga nan duk lokacin da ta sake shigowa sai garkuwar ta tashi da faɗa, bangon jakunkunan nan ya kumbura, iska ta kasa ratsawa yadda ya kamata. Kusan kamar borin jini ne, sai dai a can cikin huhu yake faruwa maimakon a fata. Shi ya sa mutum biyar za su yi aiki a sito ɗaya, ɗaya ya kwanta, huɗu ko gezau, har a fara cewa shi mai kwanciyar ragwanci ne ko kuma an yi masa jifa.

To, ga inda rikicin yake. Alamun ba sa zuwa nan take. Sai bayan awa 4 zuwa 8 da shaƙar ƙurar, wato mutum ya tashi daga aiki, ya koma gida, ya yi sallar isha'i, sannan zazzaɓi ya rufe shi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari da haki. A Kano wa zai ji wannan bai ce maleriya ba ce? Ya sha magani, ya kwana biyu a gida, ya warware, a ce maganin ya yi aiki, alhali nisantar ƙurar ce ta warkar da shi. Ya koma aiki, abin ya dawo.

Wani kuma ba ya ma yin zazzaɓin. Kaɗan-kaɗan yake shaƙa kullum, kumburin yana tafiya a ɓoye har ya zama tabo. Huhun da ya yi tabo ba ya buɗewa sosai, kuma tabon ba ya gogewa. Sai ka ga mutum yana ramewa, yana tari watanni, hawa bene ya gagare shi. Wannan kuma sak tarin fuka.

Daga masu tankaɗe zuwa masu ciyawa

A shekarar 1700 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya buga littafi a garin Modena a kan cututtukan masu sana'a, ya sake faɗaɗa shi a 1713. Mutumin nan ya yi abin da manyan likitocin zamaninsa ke ƙyama: ya riƙa shiga wuraren aiki masu wari da datti yana kallon yadda ake yi. A cikin waɗanda ya yi bayani akwai masu tankaɗe da masu awon hatsi, ya lura suna fama da tari da sarƙewar numfashi, kuma ba sa yin tsawon rai. Ya kuma ba da shawarar da ake tuna shi da ita har yau, cewa a cikin tambayoyin da likita ke yi wa talaka majinyaci, a ƙara da tambayar sana'arsa.

Shawarar ba ta samu karɓuwa da wuri ba. Sai a shekarar 1932 wani likita, Munro Campbell, ya ba da rahoton ma'aikatan gona biyar a yankin Westmorland da ke arewacin Ingila, waɗanda suka kamu da matsanancin haki bayan sun yi aiki da ciyawar dabbobi. Damina mai yawan ruwa aka yi kafin nan, aka tara ciyawar ba ta gama bushewa ba, ta yi fumfuna, idan aka ɗaga ta sai farar ƙura ta turnuƙe. Daga baya aka laƙaba wa ciwon suna huhun manomi.

Sanin cewa ciyawa ce ba shi ne sanin me ke cikin ciyawar ba. Wannan sai a 1963, lokacin da Jack Pepys a Landan da abokan aikinsa masana tsirrai na cibiyar binciken noma ta Rothamsted suka gano ainihin mai laifin. Idan aka tara ciyawa da danshi mai yawa, takan ɗau zafi da kanta, har ta haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyos. Duk wanda ya taɓa cusa hannu cikin tarin taki ko jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ya san wannan ɗumin. A irin wannan zafi wasu bakteriya masu son zafi ke hayayyafa, su saki 'ya'yan iri ƙanana ƙwarai, masu girman maikiron ɗaya ko makamancin haka. Masanan Rothamsted sun ƙiyasta cewa mai aiki a rufaffen ɗaki da irin wannan ciyawa zai iya tara kusan 750,000 na waɗannan 'ya'yan iri a huhunsa cikin minti ɗaya. Pepys ya nuna cewa jinin masu ciwon na ɗauke da alamar garkuwar jiki ta taɓa karo da su. A 1965 Birtaniya ta sa huhun manomi cikin cututtukan da ake biyan ma'aikaci diyya a kansu.

Da aka gane salon ciwon, sai aka fara ganinsa ko'ina. Tun a 1941 an ba da rahotonsa a birnin New Orleans na Amurka a wajen masu aiki da tuƙar rake da aka tara ta ruɓe. A 1965 aka bayyana shi a wajen masu kiwon tantabaru, inda furotin da ke cikin kashi da ƙurar gashin tsuntsu ke tayar da garkuwar. Sai masu noman naman kaza, sai masu aikin katako mai fumfuna, sai masu amfani da wasu sinadarai. Sunaye sun yi yawa, amma ciwon guda ne.

Kano da ƙurarta

Yanzu mu dawo gida. Tarihin arzikin Kano, idan ka dube shi ta wannan fuska, tarihin ƙurar tsiro ne: auduga, gyaɗa, hatsi, fata.

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi burge shi shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kai wa har Tumbuktu da ƙetaren Sahara. Amma a lura da yadda ake aikin a lokacin. Mata ne ke gurzar auduga a kan dutse a tsakar gida, su shiɓe ta da baka, su kaɗa da mazari. Masaƙa kuma a waje suke, ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Ƙura tana tashi, amma kaɗan ce kuma iska na kwashe ta.

Zuwan Turawa ya canza ma'aunin. Ƙungiyar masu noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai Arewacin Nijeriya zai ciyar da masaƙun Lankasha, kuma tana cikin waɗanda suka matsa a shimfiɗo layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, abin da ya kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata. Auduga ta fi kafuwa a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, aka kakkafa injinan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Aikin da mace ɗaya ke yi a tsakar gida ya koma cikin rufaffen gini, inji na kaɗa tan-tan na auduga. Leburorin da suka riƙa ɗura buhunan gyaɗa, suna ɗinkewa, suna jerawa, su ma cikin ƙurar ɓawo da ƙasa suka yi rayuwarsu.

Can Lankasha inda audugar ke zuwa kuwa, ma'aikatan masaƙa sun daɗe da sanin wani abu da suke kira zazzaɓin Litinin. Mutum ya huta ƙarshen mako, ya dawo aiki ranar Litinin, kafin la'asar ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa dutse. Talata abin ya yi sauƙi, zuwa Juma'a kamar ba a yi ba. Bayan shekaru sai ɗaurewar ta mamaye duk ranakun mako, daga nan sai nakasa. Wannan shi ne bisinosis. A shekarun 1950 Richard Schilling ya bi masaƙun Lankasha yana yi wa ma'aikata tambayoyi a tsare, ya nuna cewa ciwon ya fi yadda hukuma ke zato yawa, musamman a ɗakin da ake sharce auduga. Ya kamata a bambance: bisinosis ya fi kama hanyoyin iska ne, ba jakunkunan ƙarshen huhu ba, kuma ana danganta shi da wani dafi da ke jikin ɓawon bakteriyar da ke manne da ganye da ƙwanson auduga. Ɗan'uwan huhun manomi ne, ba shi ba ne. Amurka ba ta kafa doka mai ƙarfi kan ƙurar auduga ba sai a 1978.

A daidai shekarun da Schilling ke wannan aiki ne Arewa ta fara gina nata masaƙun na zamani. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Kano ta bi da nata a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Dubban mutane suka ci abinci a nan kafin masana'antar ta durƙushe daga shekarun 1990 zuwa na 2000. A 2012 wata mujallar likitoci ta Nijeriya ta buga binciken da wasu likitocin Kano da Zariya suka yi a kan ma'aikatan masaƙa a Kano, inda suka samu cewa tari da sauran matsalolin numfashi sun fi yawa a cikinsu, kuma awon ƙarfin huhunsu ya gaza na mutanen da aka gwada su da su. Masaƙa ta rufe, amma tsofaffin ma'aikatanta suna nan cikin unguwanni da huhun da suka fito da shi, kuma da wuya wani ya tambayi dattijo mai haki inda ya yi aiki a 1985.

Akwai wani bincike da nake ganin ya kamata duk ɗalibin lafiya a Arewa ya sani, duk da cewa shi ƙurar dutse ya shafa ba ta tsiro ba. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga abin da suka gani a wasu ƙauyuka na ƙasar Kano inda ake sassaƙa dutsen niƙa. Cikin masassaƙa 126 da aka ɗauki hoton ƙirjinsu, 49 na da ciwon huhun da ƙurar dutse ke jawowa, 17 daga ciki ya riga ya yi muni. Wannan sana'a ce ta gargajiya, ba kamfani, ba inji. Ciwon yana nan tun kaka da kakanni, bai shiga lissafi ba sai ranar da aka ɗauki na'ura aka je inda mutanen suke.

Shin namu yanayin ya kare mu?

Wani zai ce ai huhun manomi ciwon ƙasashen ruwa ne, mu kuwa da kaka rana ta ishe mu shanya. Akwai gaskiya a nan. Harawar wake da ta gyaɗa da aka yanka bayan ɗaukewar ruwa, aka shanya a kan rufi ko reshen bishiya, ba ta cika yin irin zafin ciyawar Westmorland ba. A ganina wannan kariya ce ta gaske ga manomin karkara.

Sai dai birni ya canza lissafin. Mai kiwon ragon layya a Tarauni ba shi da fili, a ɗan ɗaki yake cusa harawa da dusa, wani lokaci rufin na yoyo da damina. Ɗan kasuwa kan ɗura masara a buhu tun ba ta gama bushewa ba don ya riga kowa kai wa Dawanau. Ɗakin kaji a rufe yake, an shimfiɗa masa garin katako ko buntun shinkafa, kashi na taruwa a kai makonni, ranar kwashewa kuwa sai wanda ya gani. Tantabara ma ba ruwanta da damina ko rani, kashinta idan ya bushe ya fi tashi. Kuma ba sai mai tsuntsun kaɗai ba: matar da ke share wurin kullum da tsintsiya, ko yaron da ke kwana a ɗakin da ke jikin na tantabarun, suna iya riga shi kamuwa.

Darasi mafi kusa da mu daga Indiya ya fito, ƙasa mai zafi mai fama da tarin fuka kamar tamu. A 2017 aka buga sakamakon rajistar da likitocin can suka yi ta majinyata 1,084 masu cututtukan da ke sa huhu tabo. Kusan kashi 47 cikin 100 wannan ciwo ne na ƙin ƙura, adadin da ya ba masana mamaki. Cikin abubuwan da aka fi zargi akwai tsuntsaye, da fumfunar gida, da na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda idan ba a wanke ta ba takan zama gonar ƙwayoyin cuta tana feso su. Irin wannan na'ura yanzu ta fara yawa a shagunan Kano lokacin zafi.

Ɓangaren sinadarai kuma, wanda ya fi damuna shi ne fentin mota. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin ƙarfafawa kafin a fesa, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Wannan na cikin manyan masu jawo asmar wurin aiki a duniya, kuma a wasu mutane yakan jawo kumburin huhun da muke magana. Da zarar jiki ya tsane shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, takunkumin asibiti ma haka. Madarar da ake sha bayan feshi da sunan wanke ƙirji kuwa ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu ba.

Doka da asibiti

A takarda, an san da waɗannan cututtuka. Jerin cututtukan sana'a na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2010 ya ambaci na ƙurar auduga da na rake da kumburin huhu daga ƙurar abubuwa masu rai. A shekarar ce kuma Nijeriya ta kafa dokar biyan ma'aikata diyya wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Amma tsarin ya fi dacewa da mai takardar ɗaukar aiki da albashin wata. Mai injin niƙa da yaronsa, da lebura mai sauke buhu, da matar da ke kiwon kaji ɗari biyu a gida, a aikace suna wajen wannan lema. Idan huhu ya gaza, iyali ne ke ɗauka.

Shi ya sa ganewa da wuri ta fi komai. Duk mai tarin da ya wuce mako biyu ya je a gwada kakinsa, domin tarin fuka gaskiya ne, ya fi wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Amma idan gwaji ya nuna babu, ko an sha maganin wata shida haki bai ragu ba, to lokaci ya yi da za a kawo zancen sana'a, ko da likita bai tambaya ba. Layi na da tsawo, likita na da mintuna kaɗan, don haka majinyaci ya shigo da bayaninsa a shirye: ga aikin da nake yi, ga shekarun da na yi ina yi, ga abin da nake kiwo a gida. Ya kuma lura da abu guda kafin ya zo: shin yana samun sauƙi idan ya yi tafiya, ko lokacin hutun salla, abin ya dawo idan ya koma aiki? Wannan amsa kaɗai takan juya tunanin likita, ta sa a tura mutum awon numfashi da hoton siti sikan na ƙirji, waɗanda ake yi a manyan asibitoci irin na Malam.

Babban maganin shi ne rabuwa da ƙurar, kuma na san faɗin haka ya fi yin sa sauƙi ga wanda sana'ar ce tuwonsa. Akwai matakan tsakiya: a busar da harawa da hatsi sosai kafin a adana, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna a ɗakin niƙa, a yayyafa ruwa kafin a share kashin kaji ko na tantabara, a sa takunkumin N95 da ya kama fuska ba wanda iska ke shiga ta gefe ba, mai fenti kuma ya nemi mai matatar sinadari ya riƙa canza matatar. Likita kan ba da maganin rage kumburi irin su firedinisolon na wani lokaci. Sayensa a kemis ba tare da gwaji ba ganganci ne, domin yana danne garkuwar jiki, kuma idan ashe tarin fuka ne ke ɓoye, maganin zai ba shi damar bazuwa.